Alhaji, A Dawo Mana da Iskarmu Kafin Azumi

Zuwa ga Alhaji Mamuda,
shugaban kamfanin da ya gina sabon rukunin gidaje a bayan tsohon masallacinmu,
Coal Camp, Inugu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da duk masu ci a ƙarƙashinka. Yaya gajiyar biki? Allah ya sa albarka a abin da aka gina, ya sa masu shiga su shiga lafiya.

Ni ne Malam Hamisu, limamin tsohon masallacin layin masu gyaran mota, wanda mahaifina ya gina. Ba sai na yi maka dogon bayani ba, don a cikinsa ka yi salla kana saurayi, lokacin da mahaifinka, Allah ya jiƙansa, yake sauke albasa da wake a unguwar nan. Na aika a gaya maka ina son ganinka, aka ce kana Fatakwal. Na sake aikawa, aka ce ka wuce Abuja. Shi ya sa na rubuto ta inda kowa zai karanta, da fatan wani zai kai maka.

Ga abin da ya tashe ni. Kwamitin unguwa ya zauna, ya ce tafsirin azumin bana ba za a yi shi a masallacinmu ba saboda zafi, a masallacin Malam Nasiru za a yi, wanda ke gefen ƙofar rukuninku. Asham ma can. Ma'ana, a watan da ake cika masallatai, namu kwaɗo za a sa masa. Na daɗe a garin nan, na ga masallatan da aka rufe da azumi da niyyar a buɗe bayan salla. Ɗaya yau ɗakin ajiye tayoyi ne.

Kafin in shiga bayani, bari in riga masu gulma faɗa, don na san abin da za a ce a majalisar masu shayi. Za a ce Malam Hamisu kishi yake yi. To, gaskiya ne. Ina kishin gininka, ina kishin masu kwana a cikinsa, kuma fiye da duka ina kishin Nasiru, wanda ni na riƙe hannunsa ya rubuta harafin farko a allo. Mu malamai muna da hanyar fita, mukan ce akwai bambanci tsakanin ka so irin abin da ɗan'uwanka ya samu da ka so nasa ya lalace. Na sha karantar da haka. Yawancin ranaku ina ɓangaren da aka halatta. Amma akwai azahar ɗin da idan gumi ya shiga idona a raka'a ta uku, ba zan iya rantsuwa a kan ɓangaren da nake ba.

Na farko, maganar iska. Ka san masallacin: ɗaki ɗaya, rufin kwano, babu silin, tagogi ta baya suna kallon duwatsun yamma. Ba mu taɓa mallakar abin sanyaya ɗaki ba, fanka ma biyu ce, kuma ka san halin masu wutar garin nan. Abin da ya rufa mana asiri tun zamanin mahaifina shi ne iskar da ke gangarowa daga duwatsun, ta ratsa filin da makanikai ke jibge gawarwakin motoci, ta shigo ta tagogin baya. Ba mu taɓa ɗaukarta a bakin komai ba. Da kuka sayi filin, mun ga ma'aikatanku sun kafa wani ƙarfe mai ɗan farfela a kai yana juyawa, muka ɗauka awon fili ake yi. Ashe iskar ake aunawa. Daga baya aka bayyana mini cewa an karkata ginin ne ya fuskance ta, aka buɗe masa manyan tagogi ta can, ta shiga ɗakuna, ta bi tsakar gida ta fice ta sama, don masu haya su zauna cikin sanyi ba tare da na'ura ta sha wuta ba. Wallahi dabara ce mai kyau, na yaba. Sai dai mu bayan ginin aka juyo mana, bene hawa huɗu, bango sumul. Yanzu ko labulen tagarmu ba ya motsi.

Na biyu, maganar bangon kansa. An shafe shi da wani farin fenti da aka ce ba ya shan rana, mayar da ita yake yi. Na tambayi wanda ya gaya mini, ina yake mayar da ita? Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Ba wasa nake ba, don ni na san inda take zuwa. Tun hantsi hasken yake dukan bangonku ya dawo ta tagoginmu, ga kwano yana nasa aikin daga sama. Kafin azahar ɗakin ya zama tanda. Inuwar ginin takan iso mana bayan la'asar, amma a lokacin zafin ya riga ya shige cikin bango da tabarmi, kuma babu iskar da za ta kore shi. Tafsiri kuwa bayan la'asar ake yi, mutane na ɗauke da azumi, wasu sun wuni suna dako a kasuwar Ogbete. Ban ga laifin kwamiti ba. Da ni ne a kujerarsu, abin da zan yanke ke nan, kuma wannan ma yana cikin abin da ke ci mini rai.

Na uku, kuma shi ne ainihin ƙorafina a kanka kai da kanka. Lokacin da gini yake hawa na farko, kun turo mana wata ma'aikaciyarku, Injiniya Ngozi. Ba ni da abin faɗa a kanta sai alheri. Ta rufe kanta, ta cire takalmi tun daga waje, ta durƙusa ta gaishe ni. Ta same ni bayan la'asar a shirayin masallaci, 'yan kasuwa masu ɗaukar karatu sun kewaye ni. Na sa aka shimfiɗa mata tabarma, na aika aka kawo lemo. Ta ce kai ka turo ta ta ji ta bakin maƙwabta, sannan ta tambaye ni: "Malam, any complain? Anything wey una need for here?" Wato ko muna da ƙorafi ko wata bukata.

Alhaji, kai ɗan gida ne. Wane dattijo ne baƙo zai zo masa zuwan farko, mace, a gaban almajiransa masu gemu, kuma 'yar aiken ɗan abokin mahaifinsa, ya buɗe baki ya fara lissafa bukatu? Na ce mata alhamdu lillahi, muna lafiya lau, a gai da Alhaji, Allah ya taimaka a gama lafiya. Abin da ya kamata in faɗa ke nan, kuma ko yau aka maimaita zaman, shi zan faɗa. A wurinmu zuwan farko gaisuwa ce. Sai a koma, a sake dawowa, a keɓe da mutum, a matsa masa, ya ce a bari, a sake matsawa, sannan ya sunkuyar da kai ya ce to, in da hali, rufin nan. Haka mahaifinka ya yi da mahaifina ranar da ya so ya saka wa masallacin siminti a ƙasa, ina tsaye na gani. Na zauna ina jiran zuwa na biyu. Har na tsara a raina abin da zan ce: silin, da 'yan tagogi a sama, shi ke nan. Ita kuwa baiwar Allah ta ji dattijo ya ce lafiya lau, ta gaskata shi, don a wurinsu wanda yake so yakan faɗa. Ba ta yi kuskure ba a al'adarta. Kai ne ka san tamu, kuma ba ka gaya mata ba, ba ka kuma haɗa ta da wani dattijo daga cikinmu ba.

Na huɗu, abin da ya biyo baya. Daga wurina ta wuce wurin Malam Nasiru a ranar. Ga wanda bai san shi ba, ɗan aminina ne marigayi, a nan Inugu aka haife shi, a gabana ya sauke, kuma ni na ɗaura masa rawani lokacin da jama'ar wancan layin suka gina masallacinsu. Yana jin Ibo kamar ɗan gari, yana jin Turanci. An ce ko lemo bai jira an kawo ba, ya miƙe ya zagaya da ita, da yarensu, yana nuna mata inda ke yoyo da inda ke zafi. Ya tambaye ta me kamfani ke nema, ta gaya masa gaskiya: akwai wata hukuma a ƙasar waje da ke ba gini takardar shaidar cewa yana tsimin wuta da ruwa kuma ba ya cutar da muhalli, abin da suke kira koren gini, kuma maki ake tarawa, na sola daban, na ruwa daban, na iska daban, har da na kyautata wa maƙwabta. Nasiru ya gane cewa ku ma kuna da bukata. Ni ban san da wannan ba sai da komai ya ƙare.

Yau je ka ga masallacinsa. Faifan sola a jere a kan rufi. Silin fari tas. Fankoki suna juyawa ko an kawo wuta ko ba a kawo ba. An huda masa tagogi a sama, an shafa wa kwanonsa irin fentinku, an dasa masa bishiyoyi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tankin da ke tara ruwan sama. A garin da muke sayen ruwan alwala jarka jarka a hannun masu turin kura, shi famfo yake murɗawa. Nakan bi ta layin idan zan je kasuwa, in ce wa kaina ba zan kalla ba, kuma kullum sai na kalla.

Jama'a ba su tafi a rana ɗaya ba. Matasa ne suka fara, masu dako da masu turin baro da masu gyaran takalmi, don can ana cajin waya kyauta. Ɗaya daga cikinsu ya gaya mini ido da ido, ba da rashin kunya ba: "Malam, ka yi haƙuri, heat ɗin nan too much, wallahi mutum ba ya sanin me ya karanta." Sai 'yan kasuwa suka bi, suna cewa can ya fi kusa da shago, alhali ni na san inda shagunansu suke. Na daure duk wannan. Wanda ya karya ni shi ne Baba Ilu, ladaninmu tun ina matashi. Yana da hawan jini, ya taɓa yanke jiki ya faɗi a sahu. Ya zo ya zauna ya yi ta kewaye kewaye, yana tambayar lafiyar iyali sau ba adadi, har na gane, na ce masa Baba je ka, lafiyarka ta fi. Ya yi kuka, ni ban yi ba sai da ya fita. Yanzu azahar da la'asar ni nake kiran salla, ni nake tayar da iƙama, ni nake ja, bayana sahu ɗaya da bai cika ba. Daga nan ina jiyo muryar Baba Ilu a lasifikar Nasiru, wadda ita ma sola ke riƙe da ita.

Na biyar, ranar bikin buɗewa. Kun aiko mini da kati, na sa babbar riga na je. An zaunar da ni a sahun gaba, kusa da Nasiru. Aka buɗe allon shaidar da aka manna a bakin ƙofa, aka yi tafi. Wani mai jawabi ya ce an tuntuɓi duk maƙwabta, an gyara masallaci guda, shi kuma tsohon limamin da ke baya ya ce ba shi da wata damuwa ko kaɗan. Ya nuno ni da hannu, aka sake tafi, masu hoto suka juyo. Na ɗaga hannu na yi murmushi, me zan yi? Kana kan dandamali, ka hango ni, ka dafa ƙirji daga nesa. Kawaicina aka ɗauka aka mayar da shi maki, aka haɗa da na sola da na tanki, aka karɓo takarda. An ce takardar nan tana sa manyan ma'aikata rububin hayar gidajen. Allah ya ƙara, amma ka sani akwai guminmu a cikinta.

Bayan jawabai aka zagaya da mu cikin gidajen. Tsakar rana ce, ba na'urar da ke kunne, amma ɗakin luf kamar an yi ruwa an ɗauke. Na tsaya a bakin wata taga a hawa na biyu, iskar ta bugi fuskata. Na gane ta, har da ɗan ƙamshin ciyawar duwatsu da take zuwa da shi. Na daɗe a tsaye har sai da aka taɓa kafaɗata aka ce a ci gaba.

Na shida, wanda ban gaya wa kowa ba sai yanzu. Kwanakin baya na dawo daga jana'iza ta wajen Ogui, la'asar ta riske ni a layin su Nasiru, ba yadda zan yi in wuce ana tayar da salla. Na shiga na tsaya a sahun baya, na ja rawani, ina fatan kada a gane ni. Alhaji, rabon da in yi salla da natsuwa irin ta ranar, tun kafin gininka ya kai hawa na uku. Ba gumi, ba gaggawa, na yi sujada na ji ba na son ɗagowa. Da aka sallame na ji haushin kaina, na ji haushin Nasiru, na ji haushinka, duk a lokaci guda. Ina neman takalmina Nasiru ya hango ni, ya keto sahu da gudu, ya durƙusa a gaban jama'arsa yana cewa, "Baba Malam, kana nan na ja salla? Ka yafe mini, wallahi ban gan ka ba."

Washegari ya zo har gida. Ya ce ya ji abin da kwamiti ya yanke, kuma shi ba zai hau kujerar tafsiri ina raye a unguwar nan ba. Ya ce in zo masallacinsa in yi tafsirin kamar yadda na saba, shi zai zauna a ƙasa ya ja mini baƙi. Ya ce zai turo keke mai ƙafa uku ya riƙa ɗauko ni. Da ya yi mini girman kai, da na sami abin riƙewa, in yi fushina in huta. Ya hana ni ko wannan. Na raka shi bakin ƙofa ina sa masa albarka, kuma albarkar har zuciyata take, kishin ma har zuciyata yake, ban san yadda suke zama wuri ɗaya ba. Abin da bai gane ba, ko ya gane ya yi shiru, shi ne idan na hau kujerarsa, da hannuna na rufe masallacin mahaifina.

Saboda haka ga roƙona.

Ka zo da kanka, kada ka turo kowa. Ka zo azahar, ba sanarwa, ka tsaya a sahu a inda mahaifinka yake tsayawa, ka yi raka'a huɗu da mu. Bayan nan ba sai na ƙara maka bayani ba.

A yi mana silin, a huda tagogi a sama ta inda zafi zai fita, a shafa wa kwanon fentin nan, a sa mana sola ko da mai ɗaukar fankoki ce kawai, kuma a yi kafin ganin wata, don kwamiti ya ce idan ɗakin ya zaunu zai sake duba maganar. Tanki ba na roƙa, ko da yake idan aka matsa mini ba zan ƙi ba.

Injiniyoyinku su duba bangon bayan nan. Waɗanda suka iya karkata bene guda don ya kama iska ba za su rasa yadda za su hana bango watso mana rana ba, ko da shuka mai hawa bango ce.

Ka isar wa masu ba da takardar shaidar nan saƙona: idan sun zo duba gini, bayan sun gama da ciki da gaba, su zagaya baya su tsaya inda maƙwabci yake tsayawa. Kuma duk kamfanin da zai yi gini a unguwar Hausawa, a Inugu ne ko Anaca ko Fatakwal, idan dattijo ya ce lafiya lau, a koma a sake tambayarsa shi kaɗai.

Na ƙarshe, kada a cire ko ƙusa ɗaya daga masallacin Nasiru a kawo mini. Na rubuta wannan layin ne da sauri kafin zuciyata ta canza shawara.

Ina roƙon Allah ya ƙara maka arziki na halal, ya tsare gininka daga gobara da rushewa, ya jiƙan mahaifinka da nawa, ya sa 'ya'yanka su gaje ka da alheri. Ya kuma wanke mini zuciyata, don na fi kowa sanin tana bukata.

Alhaji, tun da na gaji limancin nan ban taɓa buɗe baki na roƙi wani mahaluki abu don masallacin nan ba. Yau na roƙa, a gaban duk wanda ya iya karatu, kuma na san gobe da wuya in iya haɗa ido da mutanen layinmu. Idan wata ya tsaya ba ka zo ba, ba zan yi rigima da kowa ba. Zan sa kwaɗon, in hau keken da Nasiru zai turo, in zauna a kujerarsa ƙarƙashin fankar da ka saya masa. Idan karatu ya kawo mu ayoyin da suka yi gargaɗi a kan hassada, zai ja baƙi da muryarsa mai daɗi, ni kuma in fassara wa jama'a dalla dalla, su gyaɗa kai su ce Malam ya iya bayani. Ni da kai mun fi kowa sanin wanda ake yi wa karatun.

Wassalamu alaikum.

Naka,
Malam Hamisu,
limamin tsohon masallacin layin masu gyaran mota,
Coal Camp, Inugu.